Baƙin Salatif A Kan Jar Fitila

Assalamu alaikum Edita. Ka taimaka ka sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Ko sunan kamfanin motar ba zan faɗa ba, domin na daɗe da gane cewa ba su da hannu a abin da ya same ni.

A lokacin ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Funtuwa da iyalina, sana'ata sayen hatsi. Ranar kasuwar Dandume ina can, ranar ta Bakori ina can, in tara masara da waken soya in loda wa masu haɗa abincin kaji. Allah ya buɗa mini, na gina gida, na sauke farali, mutane suka fara kirana Alhaji suna ɗan rusunawa, ni kuwa kaina ya fara kumbura ban sani ba. Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da yayana. Shi bai taɓa barin ƙauyenmu da ke cikin ƙasar Bakori ba, shi ke riƙe da gandun da mahaifinmu ya bari. Da gumin yayan nan nawa na yi makaranta, kuma shi ya ba ni buhunan farko da na fara juyawa. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai barkwanci, wanda zama wuri ɗaya ke sa shi ciwon baya. Kullum yana ƙafa, daga gona zuwa fadama, daga fadama zuwa wurin shanu.

Mahaifinmu ya bar mana wata tsohuwar a-kori-kura, tana hannuna. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso amfani, ita ke kai mai naƙuda asibiti, in an yi rasuwa a birni ita ke ɗauko gawa. To sai na fara jin kunyarta. Abokan kasuwancina duk sun sauya motoci, in mun haɗu wurin ɗaurin aure sai in ajiye tawa can nesa in ƙaraso da ƙafa. Ana cikin haka wani dillali ya nuna mini wata 'yar Kwatano, ƙirar Turai, baƙa wuluk, mai ƙofa huɗu, gilashinta mai duhu, cikinta duk fata. Ba ta kai manyan nan na gwamnoni girma ba, amma irin waɗanda aka ƙera ne don gudu, ga ta a kwance a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Na gwada ta a hanyar Zariya, na ɗan taɓa totur kawai sai na ji bayana ya manne da kujera. Wallahi tun kafin mu juyo na riga na saya a zuciyata. Da na je na shaida wa Yaya zan sayar da a-kori-kura, bai hana ni sayen sabuwa ba, cewa ya yi dai in bar tsohuwar a gida ko don ranar larura. Na ce masa mota biyu wahala ce, kuma sabuwar ta fi waccan sauri sau uku. Ya yi dariya ya ce Allah ya sanya alheri. Ranar da na kai ta ƙauye ya zagaya ta sau biyu, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce wannan ai Hajiya ce, ba ta san ƙasa ba. Sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu.

Zan faɗi gaskiya a kan Hajiya, domin na ga mutane suna yi wa irin waɗannan motoci kuɗin goro. A kan kwalta mai kyau ban taɓa hawa abin da ya kai ta daɗi ba. Ba ƙara, ba jijjiga, birkinta kamar ka danna hannu a kan ƙullu, kwana kuwa ko ka shigo da gudu ba ta karkata. Wata bakwai na farko ko tari ba ta yi ba. Amma hanyoyinmu ba nata ba ne. Duk tudun rage gudu da ke cikin Funtuwa sai ta goga cikinta, har na koyi hawansu a karkace kamar kaguwa. Tayoyinta sirara ne, rami ɗaya mai baki ya ishe su, a damina guda na sauya uku. Man 'yan bumburutu kuwa ba ta sha, in ka kuskura ka zuba mata sai ta wuni tana shessheƙa. Zuwa ƙauye ya zama aiki. Gajeriyar hanyarmu tana ratsa wani rafi mai yashi, a-kori-kura ko tsayawa ba ta yi a wurin, ita kuwa Hajiya dole sai in zagaya ta doguwar hanyar burji ta cikin daji, wadda ba kowa ke bi ba. Na gaji, Edita, na gaji tun a shekarar farko, amma in na fito da ita da safe na ga yadda ake bin ta da kallo sai gajiyar ta kwanta.

Sai ta fara ƙorafi. Wata 'yar fitila ta riƙa kamawa a allon gaban direba, da farko ruwan ɗorawa, wani lokaci ta koma ja, tare da wata ƙara ƙil-ƙil-ƙil da ba ta dainawa. Irin waɗannan motoci da yawansu ba su da allurar nan ta zafi da muka saba gani a tsofaffi tana hawa tana sauka. Fitilar da ƙarar su ne bakinsu. Na kai ta Zariya wurin wani mai duba mota da kwamfuta, ya jona na'urarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji ya fara gajiya, kuma akwai wani bututu da ya tsage yana ɗiga. Ya ce in bar masa ita kwana huɗu ko biyar kafin kayan su iso daga Legas, kuma kada in sake zuba mata ruwan banza, akwai ruwanta na musamman. Kuɗin gyaran bai gagare ni ba, kada wani ya ce talauci ne. Kwana biyar ɗin ne suka tsaya mini a wuya. A ce ni, da kaka ta kawo kai, a gan ni a bayan ɗan acaɓa a kasuwar Dandume, 'yan uwana 'yan kasuwa suna tambaya ina Hajiya? Na ce masa zan dawo in aiki ya lafa. Ya kalle ni ya ce motar ba ta san aiki bai lafa ba.

Abin da ya ƙarasa ni wani neman aure ne. An roƙe ni in ɗauki dattawa uku zuwa Malumfashi nema wa ɗan wani abokina aure, saboda a ganinsu motata za ta ƙara wa tawagar kwarjini. Tun daga Bakori ƙarar nan ta fara, ba ta tsaya ba. Wani tsoho mai tsokana da ke gidan gaba ya tambaye ni ko motar tana kiran salla ne, na baya suka ce a'a, yunwa take ji, Alhaji bai ba ta kalaci ba. Suka yi ta dariya har da share hawaye, ni ina murmushin dole. Washegari da sassafe na nufi garejin tsohon bakanikena, wanda ya shekara goma yana gyara mini a-kori-kura a gindin bishiyar mangwaro. Mutumin kirki ne, kuma a kan tsofaffin motoci gwani ne na gaske. Ya ce mini Turawa sun cika tsoro, an ƙera motar ne don ƙasar sanyi, shi ya sa take firgita da ɗan zafinmu. Ya cire wani ɗan ƙarfe da ke daidaita zafin ruwa ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye yadda da an tayar da mota za ta kama juyawa, ya ce in riƙa ƙara ruwa a lagireto kowace safiya. Na ce to ƙarar fa? Ya lalubo wata waya ya datse. Na ce fitilar fa? Ya ce wannan sai an kwance allon gaba ɗaya. Ni da hannuna na ɗauki baƙin salatif ɗinsa na haɗa waya, na yanki ɗan guntu da haƙori, na liƙa a kan fitilar. Har na gyara shi da yatsa don ya yi kyau.

Daga ranar mota ta yi shiru, ni ma na samu barci. Kowace safiya in buɗe bonet in fasa ledar ruwa biyu in zuba, daga baya ya zama uku, daga baya huɗu. Maiɗakina ta taɓa cewa tunda take ba ta ga motar da ke shan ruwa kamar doki ba, na ce ta kula da tukunyarta. Yaya ma ya taɓa shiga, idonsa ya sauka a kan salatif ɗin, ya tambaye ni ko Hajiya ta ji ciwo ne aka yi mata ɗauri. Na ce ado ne. Ya dai daɗe yana kallon wurin.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar kwasar masara. Na yi sammako zuwa ƙauye don in ga yadda ake sussuka, kuma saboda sauri ban buɗe bonet ba, na ce in na isa na zuba. Da na isa gaisuwa da hira suka ɗauke mini hankali. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe muna tsaye a bakin gona sai muka ji salatin Yaya. Ya je ɗaga tarin karan masara da aka jingine, ashe kububuwa na kwance a ƙarƙashi, ta sare shi a saman idon sawu. Mutane suka taru, aka kashe macijin, wani ya ciro robar ɗaurin kaya daga babur aka ɗaure masa ƙafa tamau a ƙasan gwiwa, yadda muka taso muka ga ana yi, wai don kada dafi ya hau. Akwai maƙwabcin gonarmu, Kirista ne, abokin Yaya tun suna kiwon awaki, tare suke gayya kowace shekara. Nan take ya tayar da babur ɗinsa ya ce a ɗora masa Yaya, wani ya zauna a baya ya riƙe, su ratsa ta rafi, kafin awa ɗaya suna asibiti a Malumfashi. Ni kuwa na daka masa tsawa. Na ce yayana ba zai hau babur yana jini ba alhali ga mota, motar da in ta hau kwalta babu mai ganin bayanta. Ya ce Alhaji, hanyar motarka ta yi zagaye. Na ce abin da zagaye ya ci gudu zai biya. A lokacin in na yi magana a ƙauyen nan ba a mayar mini. Yaya yana gumi ya dube ni ya ce duk yadda na gani.

Muka kwantar da shi a kujerar baya, wani ɗan baffanmu ya tallafe masa kai, na ɗauki hanyar burji. Na taka ta yadda ban taɓa taka ta ba, cikinta na dukan duwatsu ban damu ba. Mun yi kamar rabin hanya zuwa kwalta sai na ji ta yi nauyi, ina danna totur tana ja da baya. Na sake dannawa. Wani wari ya taso kamar an ƙona roba, sai tururi fari ya turnuƙe daga bonet, ta yi wata irin shaƙuwa sau biyu ta mutu. Na danna maɓallin tayarwa ya fi sau ashirin, ko motsi. Na buɗe bonet, lagireto ƙaf, ba ɗigon ruwa, injin yana ta ƙas-ƙas don zafi. Ba gida kusa, ba rijiya, waya ba sabis. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ban taɓa sanin rana tana da nauyi ba sai ranar.

Ka san halin da ake ciki a dazuzzukanmu yanzu. Baƙar mota mai duhun gilashi a tsaye a tsakiyar daji, maza biyu suna ɗaga hannu, wa zai tsaya? Babur biyu suka ɓullo a tsawon zamanmu. Na farko yana hango mu ya juya a guje. Na biyu ya saki hanya ya ratsa ta cikin gona, ina bin sa da gudu ina rantsuwa, babbar rigata na harɗe ni, bai ko waiwayo ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Ɗan baffanmu ya kama hanya da ƙafa neman taimako, na zauna da Yaya a inuwar motar. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi tana sheƙi, dasashinsa ya fara jini, in ya tofa miyau ja. Ya ce in sassauta masa robar, azabarta ta fi ta saran. Na ƙi, na ce dafi zai hau zuciya. Ina kuka kamar ƙaramin yaro, shi yana ba ni haƙuri. Har a wannan hali sai da ya yi ƙoƙarin tsokana, ya ce Hajiya ta gaji ne, a bar ta ta huta.

La'asar ta kusa sai muka ji ƙarar babur daga wajen kwalta. Maƙwabcin nan ne. Ashe bayan tafiyarmu bai iya zama ba, ya bi ta rafi ya isa asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiranmu. Ya ce da ya isa ko azahar ba a kira ba. Ya jira, ya jira, ya shiga ya duba, ya fito, da ya ga shiru ya yi yawa sai ya biyo doguwar hanya yana nemanmu. Ko kallon banza bai yi mini ba. Ya ce dai in kama masa. Muka ɗora Yaya a tsakiya, na zauna a baya na rungume shi, hulata ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. A kan babur ɗin da na raina da hantsi muka shiga Malumfashi da yamma.

An samu maganin dafi, an yi masa allurai, an ƙara masa jini, Allah ya bar mana shi da ransa. Amma likitan da ya kwance robar ya yi faɗa sosai. Ya ce wannan ɗaurin da muke yi ba magani ba ne, cuta ne, ko na ɗan lokaci ne bai kamata ba, balle a bar ƙafa awanni jini bai zagaya ba ga dafi yana cinta. Ya tambaya me ya tsayar da mu tun safe. Sai Yaya ya riga ni amsawa daga kan gado ya ce hanya ce ba kyau. Sun yi ta fama da ƙafar kwana da kwanaki, daga baya aka tura mu babban asibiti, a can aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Bayan sati biyu aka jawo mini motar zuwa Zariya. Mai kwamfutar ya duba ya ce injin ya ƙone, famfon ruwan nan ne ya tsaya cak, bututun kuma ya ƙarasa fashewa. Ya ce da fitilar ta nuna ja na tsaya na bar ta ta huce na samo ruwa, da wataƙila ta lallaɓa ta kai mu kwalta, inda motoci ke wucewa. Ya jona na'urarsa ya nuna mini jerin gargaɗin da motar ta yi ta ajiyewa a ƙwaƙwalwarta, ya ce ta daɗe tana ihu. Sai ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin ya miƙo mini. Na karɓa na sa a aljihu, ban san dalili ba. Na sayar da motar a yadda take ga masu ɓalle kaya, ban ko tsaya na ga an ɗauke ta ba.

Yau shekara uku ke nan. Na sayi wata tsohuwar a-kori-kura na ajiye a ƙauye, makullinta na rataye a zaure don duk mai larura. Na sa an yi wa Yaya ƙafar roba, amma ya ce tana goge masa dungu, ya fi son sandarsa. Da damina akan kai shi gona a shimfiɗa masa buhu a gindin ɗorawa, ya zauna yana nuna wa 'yan ƙwadago inda za su bi. Mutumin da zama ke sa shi ciwon baya, yanzu zama ne aikinsa. In iska ta kaɗa ganyen masara sai in ga hannunsa yana lalubar ƙasa kamar zai miƙe, sai kuma ya tuna. Sau uku ina durƙusawa gabansa neman gafara, duk sau ukun yana cewa in tashi, Allah ne ya rubuta, kuma ai taimako na yi niyya. Na yarda da ƙaddara, Edita, amma wallahi da ya zage ni ko sau ɗaya da na fi samun sauƙi. Na gaji da wannan yafiyar, ta fi ƙarfina.

Ga masu sha'awar irin waɗannan motoci, ban ce kada ku saya ba. Motoci ne masu kyau, kuma ba sa yaudara. Amma kafin ka saya ka dubi hanyar garinku, ka tambayi kanka ina mai gyaranta yake, kuma ko za ka iya haƙura ka hau acaɓa kwana biyar in ta buƙaci hutu. In ba za ka iya ba, ba taka ba ce. In ta kunna maka fitila ka tsaya ka saurara, kada ka bar kowa ya datse mata waya, kada ka kai ta inda za a yi mata gyaran a-kori-kura. Ranar larura kuma, wanda ya fi ka sanin hanya ka bar shi ya yi gaba, ko da a kan keke yake. Wanda maciji ya sara, don Allah ku daina ɗaure masa ƙafa, ku garzaya da shi asibiti ta hanya mafi kusa.

Har yanzu in baƙo ya tambayi Yaya abin da ya sami ƙafarsa, sai ya yi murmushi ya ce kububuwa ce. Ni nakan sunkuyar da kai. Abin da ya ci ƙafar yayana yana cikin aljihun tsohuwar rigata a ƙasan akwati, baƙi ne, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, kuma har yau da shatin haƙorina a gefensa.